Lissafi da Kimiyya: Hanyar da 'Ya'yan Manoma Za Su Bi Su Sami Sukolashif

Kwanan baya, bayan an tashi daga taron wata ƙungiyar gama kai da muke kai wa ziyara, wani dattijo ya ja mu gefe. Ya ce ɗansa ya sami gurbi a jami'a, zai karanta aikin injiniya, amma kuɗin rajista da na ɗaki da na abinci sun fi ƙarfinsa. Abin da ya rage masa shi ne ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu. Ya ce, "Malam, in na sayar, da me zan yi huɗa bana? In kuwa ban sayar ba, me zan gaya wa yaron?"

Ba mu sami amsa mai daɗi da za mu ba shi ba a ranar, gama lokaci ya riga ya ƙure. Yaron nan tun yana ƙarami shi ne na ɗaya a lissafi a ajinsu. Amma ba wanda ya taɓa gaya masa, ko ya gaya wa mahaifinsa, cewa akwai wuraren da ke biya wa irinsa kuɗin karatu. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana wannan magana dalla-dalla, domin a karanta a wurin taron kowace ƙungiya. Da sanyin safiya ake kama fara.

MENE NE SUKOLASHIF?

Akwai abubuwa uku da mutane ke haɗawa wuri ɗaya, alhali kuwa dabam suke.

Na farko shi ne sukolashif. Wannan kyauta ce da ake ba ɗalibi saboda ƙoƙarinsa. Ba a biya daga baya. Amma yawanci akwai sharaɗi: in makinsa ya faɗi ƙasa da abin da aka yanka, sai a janye.

Na biyu shi ne tallafin da hukumar ba da sukolashif ta jiha, ko ƙaramar hukuma, takan ba 'yan asalinta da ke manyan makarantu. Wannan ba ya neman sai ɗalibi ya zo na ɗaya. Kuɗin bai cika yawa ba, kuma yakan makara, amma yana rage wani abu.

Na uku shi ne rance. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun rancen ɗalibai da ake kira NELFUND, domin waɗanda ke manyan makarantun gwamnati. Babu ruwa a kansa, kuma ana fara biya ne shekara biyu bayan an gama hidimar ƙasa. Taimako ne babba, amma kada mu manta, bashi ne, kuma bashi sai an biya.

A nan maganarmu a kan na farkon take.

DON ME LISSAFI DA KIMIYYA?

In kun lura, yawancin kamfanoni da hukumomin da ke ba da sukolashif, a lissafi da kimiyya suka fi zuba kuɗinsu. Dalilin a fili yake. Kamfanin mai yana bukatar injiniyoyi. Kamfanin waya yana bukatar masu sanin kwamfuta. Asibiti yana bukatar likita da mai haɗa magani. Ma'aikatar gona tana bukatar masu binciken iri da ƙasa da cututtukan dabbobi. Dukan waɗannan ayyuka ba a shiga cikinsu sai ta ƙofar lissafi.

Wannan ba raini ba ne ga sauran darussa. Ƙasa tana bukatar malamin harshe da lauya. Amma in Allah ya ba yaro baiwar lissafi, to, ya sami wata gona mai albarka, kuma hasara ce a bar ta ta zama saura.

Kada kuma wani ya ce lissafi na Turawa ne ko na 'yan birni. Akwai wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu, wanda a 1732 ya yi rubutu a kan yadda ake jera lambobi cikin gidaje ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma har yau masu tarihin lissafi suna ambatonsa. Akwai Farfesa Iya Abubakar, mutumin Belel ta ƙasar Adamawa, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Kembirij ta Ingila, ya kuma shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Lissafi ba baƙo ba ne a ƙasarmu.

ƘOFA TA FARKO: MAKARANTUN KIMIYYA

Tun kafin a kai ga maganar jami'a, akwai makarantun sakandare da aka keɓe domin kimiyya, kuma da jarrabawa ake shiga.

A 1977 Jihar Kano ta buɗe irin waɗannan makarantu guda biyu, a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Aka riƙa zaɓo yara masu ƙoƙari daga sauran makarantu, aka tara su wuri ɗaya, aka ba su malamai da ɗakunan gwaje-gwaje. Daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda yanzu take cikin Jihar Jigawa. Likitoci da injiniyoyi da yawa na wannan yanki daga can suka fito, kuma da dama cikinsu 'ya'yan talakawa ne. Akwai irinsu a wasu jihohi, kamar makarantar kimiyya ta Kuru a Jihar Filato, da ta Kufena a Zariya.

Har wa yau akwai makarantar Gwamnatin Tarayya ta yara masu baiwa da ke Suleja, wadda aka buɗe a 1990. Hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shiga cikinta.

Abin da ya kamata iyaye su yi shi ne, tun yaro yana aji shida na firamare, ko aji uku na ƙaramar sakandare, su je wurin hedimasta ko shugaban makaranta su tambaya: yaushe ake sayar da fom? Ina ake rubuta jarrabawar? Sau da yawa fom yakan tsaya a hedikwatar ƙaramar hukuma, labari bai iso ƙauye ba har a rufe.

ƘOFA TA BIYU: GASA

Akwai gasar da ake yi tsakanin ɗaliban sakandare, wadda ake samun kuɗin karatu a cikinta kai tsaye.

Kamfanin Interswitch ya fara gasar InterswitchSPAK a 2018, domin ɗaliban aji biyu na babbar sakandare masu karatun kimiyya. Makaranta ce ke yi wa ɗalibanta rajista. Sai a yi jarrabawar share fage a ƙasa baki ɗaya, a ɗauki 81 da suka fi kowa maki, su kara da juna a talabijin. A shekarun farko, wanda ya zo na ɗaya yakan sami sukolashif na naira miliyan 7.5, ana ba shi cikin shekara biyar na karatun jami'a. Na biyu miliyan 4 cikin shekara uku, na uku miliyan 1 na shekara ɗaya. Daga baya an ƙara kuɗin.

Kamfanin Promasidor, mai yin madarar Cowbell, ya fara gasar lissafi ta makarantun sakandare a 1998. A 2015 aka mayar da ita shirin talabijin mai suna Cowbellpedia. A wannan gasa ba ɗalibi kaɗai ke samun kyauta ba, har da malamin da ya koya masa.

Sa'an nan akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana Sheda ta ƙaramar hukumar Kwali, a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja. Ita ce ke shirya gasar Olimfiyad ta lissafi da kimiyya, daga mataki zuwa mataki, har a tace 'yan kaɗan da za su wakilci Nijeriya a waje. Gasar lissafi ta Afirka an fara ta a Maroko a 1987. Ta duniya kuwa an fara ta a Romaniya a 1959, kuma Nijeriya ta fara shiga a 2006. A can kowace ƙasa ɗalibai shida take kawowa. Kwana biyu ake yi, kowace rana tambaya uku kacal, amma ana ba da awa huɗu da rabi. Wannan ya nuna mana ba haddar lissafi ake nema ba, zurfin tunani ake nema. Lambar yabo ake bayarwa a wannan gasa, ba kuɗi ba. Amma yaron da ya ci irin wannan lamba, jami'o'i da masu ba da sukolashif sukan dube shi da idon daraja.

Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya da Ƙungiyar Malaman Lissafi su ma sukan shirya gasa tun daga matakin jiha, haka kuma akwai kulob na JETS a makarantu, inda yara ke ƙera abubuwa da hannunsu.

Bari mu faɗi gaskiya. Cikin dubban yaran da ke shiga irin wannan gasa, 'yan ƙalilan ne ke cin babbar kyauta, kuma sau da yawa daga makarantun birni masu tsada suke fitowa. To, don me za mu wahalar da yaranmu? Domin shirin gasar da kansa riba ne. Yaron da ya yi wata uku yana fama da tambayoyin gasa, jarrabawar WAEC za ta zo masa da sauƙi. Kuma wanda bai shiga ba, ai ya riga ya faɗi tun a gida.

ƘOFA TA UKU: BAYAN SAKANDARE

Wannan ƙofa ta fi sauran faɗi. Gidauniyar MTN tana ba da sukolashif ga ɗalibai goma da suka fi kowa maki a jarrabawar JAMB. Tana kuma ba ɗaliban kimiyya da fasaha da ke shekara ta uku a manyan makarantun gwamnati, in matsakaicin makinsu a jami'a ya kai 3.5 cikin 5. Akwai asusun PTDF, wanda aka kafa a 1973 domin horar da 'yan ƙasa a fannonin da suka shafi mai da iskar gas. Akwai Hukumar Sukolashif ta Tarayya da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi. Akwai kuma kamfanonin mai da na iskar gas da ke tallata nasu a jaridu da intanet.

Ku lura da abu ɗaya. Ko da yake yawancinsu sai yaro ya shiga jami'a ake nema, sukan nemi ganin sakamakonsa na sakandare, kuma da yawa sukan yi masa sabuwar jarrabawa wadda lissafi ke ciki. Watau abin da aka shuka a sakandare, shi za a girba a can. Sharuɗɗa da yawan kuɗi sukan canja daga shekara zuwa shekara, don haka a karanta sanarwar kowace shekara da kyau.

MATAKAN JARRABAWA

Uba ko uwa ba sai sun iya Turanci ba kafin su gane wannan.

A ƙarshen babbar sakandare yaro yakan rubuta WAEC ko NECO. Ana jera maki daga A1, wanda ya fi kowane, sai B2, B3, C4, C5, C6. Waɗannan shida su ake kira kiredit. D7 da E8 tsira ce kawai, F9 kuwa faɗuwa ce. Mai son karanta kimiyya a jami'a yana bukatar kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi. Amma mai neman sukolashif kada ya tsaya a C6. A da B ake so.

Sai jarrabawar JAMB. Darussa huɗu ne, kowane maki 100, jimla 400. Turanci tilas ne ga kowa. Mai son likitanci zai haɗa da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniya zai haɗa da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, kuma tun 2015 a kan kwamfuta kaɗai ake rubutawa. Tun 2021 kuma ba a yin rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN.

ABIN DA KE KAYAR DA YARANMU

A yawon da muke yi cikin ƙauyuka, ga abubuwan da muka fi gani.

Rashin malami. Mun san wata makaranta da ta yi shekara biyu ba ta da malamin Fiziks, amma aka yi wa yara rajistar Fiziks.

Rashin gwaji. A WAEC da NECO akwai takardar gwaji da hannu a Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Akwai yaran da ranar jarrabawa suka fara taɓa kwalaben gwaji.

Rashin lokaci. Jarrabawar ƙarshe takan zo daidai lokacin sharar gona da shuka da noman farko. Yaro ya wuni a gona, da dare kuma ba fitila.

Rashin sanin kwamfuta. Yaro ya san amsa, amma hannunsa yana rawa a kan na'ura har lokaci ya ƙare.

Takardu. Wannan ya fi ba mu baƙin ciki, gama ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Mun ga yaron da ya ci jarrabawar wani sukolashif, amma aka ajiye shi a wurin tantancewa. A takardar haihuwa sunansa Bulus, a sakamakon makaranta Paul, a wata takarda sunan mahaifi ne a gaba, a wata kuma sunan kaka. Ranar haihuwa ma iri biyu ce. Masu tantancewa ba su san shi ba, takarda suka sani. Saboda haka tun yaro yana aji ɗaya na babbar sakandare a tabbatar suna ɗaya ne, da rubutu iri ɗaya, da ranar haihuwa ɗaya, a takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da NIN, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da rajistar makaranta.

GONA ITA CE AJI NA FARKO

Wani zai ce, "Ni ban yi boko ba, ta yaya zan taimaki yaro da lissafi?" Ɗan'uwa, kullum kana yin lissafi, ba ka dai kira shi da wannan suna ba ne. Ga misalai huɗu da za ka ba yaronka ya yi maka.

Na ɗaya, yawan shuka. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka biyu da rabi. In tsakanin kunya da kunya santimita 75 ne, tsakanin rami da rami kuma santimita 25, ana barin masara ɗaya a rami, guda nawa za ta tsaya a hekta? Kowace masara tana cin 0.75 sau 0.25, watau 0.1875 na murabba'in mita. A raba 10,000 da wannan, za a sami 53,333. Bari yaro ya ɗauki igiya ya auna gonarku, ya gaya maka nawa za ta ɗauka.

Na biyu, takin zamani. Lambobin nan 15-15-15 da ke jikin buhu, ma'anarsu kashi 15 cikin 100 na kowane sinadari uku. Buhu mai kilo 50 ke nan yana da kilo 7.5 na naitirojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar. Yuriya kuwa kashi 46 ce, watau kilo 23 a buhu. In malamin gona ya ce masararka tana son kilo 120 na naitirojin a hekta, ka riga ka sa buhu 8 na 15-15-15, to, ka ba ta 60, saura 60. Buhun yuriya nawa za ka ƙara? A raba 60 da 23, ya zama buhu biyu da rabi da ɗan ɗoriya. Yaron da ya yi wannan lissafi ya cece ka daga sayen buhun da ba ka bukata.

Na uku, gwajin iri. Kafin ruwa ya sauka, yaro ya ƙirga ƙwaya 100 daga irin da ka ajiye, ya jera su cikin jiƙaƙƙen buhun algarara, ya riƙa yayyafa ruwa har mako guda. In 85 sun tsira, irin yana da kyau. In 60 ne, sai a nemi wani ko a ƙara yawan abin da za a shuka. Wannan ita ce kimiyya: a gwada, a ƙirga, a rubuta, sa'an nan a yanke shawara.

Na huɗu, bashi. In wani ya ba ka naira 100,000 a watan Yuli, ya ce ka kawo 120,000 bayan wata huɗu, ruwan kashi 20 ne cikin wata huɗu. A shekara ya zama kashi 60. Bari yaro ya kwatanta wannan da ruwan da ƙungiyarku ke karɓa.

In ya yi daidai, ka yaba masa a gaban mutane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

KADA A BAR 'YAN MATA A BAYA

A gidaje da yawa, in an taso daga makaranta namiji yana da 'yar sarari, amma yarinya sai ɗiban ruwa, sai itace, sai girki, sai goyon ƙani, wani lokaci har da talla. Daga baya a ce mata ba su da kan lissafi. Ba kai suka rasa ba, lokaci suka rasa. Yarinyar da ke ba da canji a kasuwa ba tare da kuskure ba, ai ta iya lissafi.

Farfesa Grace Alele-Williams ta yi digirinta na uku a kan koyar da lissafi a Jami'ar Shikago ta Amurka a 1963. A 1985 ta zama shugabar Jami'ar Benin, mace ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami a Nijeriya. Muna roƙon zumuntar mata su ɗauki wannan magana da nauyi. A raba aikin gida tsakanin maza da mata, kuma kada a cire yarinya daga makaranta saboda aure ko saboda an ga kuɗin ba zai isa biyu ba.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawarwari shida.

1. A naɗa mutum ɗaya, malamin makaranta ko matashi mai waya da ke hawa intanet, ya zama mai kawo labarin sukolashif da gasa. A ba shi minti biyar a kowane taro, a kuma yi sanarwa a majami'a.

2. A rubuta sunayen dukan 'ya'yan membobi da ke sakandare, da ajinsu, da makinsu na lissafi da kimiyya a kowane zango. Kamar yadda muke da littafin taki da na rance, mu yi littafin yara.

3. A buɗe ajin dare. Fitila mai aiki da hasken rana guda ɗaya da allo ɗaya sun isa a fara. A nemi mai hidimar ƙasa, ko malamin da ya yi ritaya, ko ɗalibin jami'a da ya zo hutu. A sayi littattafan tambayoyin shekarun baya na WAEC da NECO da JAMB, su zama na ƙungiya, ana aro ana mayarwa.

4. A yi gayya a gonar duk memban da ɗansa ke rubuta jarrabawar ƙarshe, domin a sake yaron ya yi karatu. Wata biyu ne kawai.

5. A haɗa yara a kai su gari su koyi taɓa kwamfuta kafin JAMB, a kuma roƙi wata makaranta mai ɗakin gwaje-gwaje ta bar su su yi gwaji ranar Asabar. Kuɗin mota in an raba ba shi da nauyi.

6. A kafa ƙaramin asusun karatu. Misali, in membobi 40 ne, kowa ya kawo mudu 5 da kaka, an sami mudu 200. A adana da kyau. In wake ne, a zuba cikin buhun PICS mai riɓi uku, wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba. A sayar sa'ad da farashi ya tashi. Da wannan a biya wa masu ƙoƙari kuɗin rajistar jarrabawa, ko na mota zuwa wurin gasa, ko na rajistar shekarar farko, wadda ita ce ta fi kayar da iyaye.

Amma asusu irin wannan yana iya raba kan ƙungiya in ba a kafa doka tun farko ba. A zaɓi kwamiti na mutum uku, da mace a ciki. A duba sakamakon yaro da halin gidansu, ba ɗan wane ne shi ba. In ɗan wani ɗan kwamiti yana cikin masu nema, uban ya fita waje har a gama. A biya kuɗin ga makaranta kai tsaye, a kawo rasit, a karanta lissafin a gaban kowa.

HATTARA DA MACUTA

Sukolashif na gaskiya ba a sayensa. In wani ya turo saƙo ta waya ya ce ɗanka ya ci, amma ka fara aika kuɗin fom ko na "buɗe fayil", to, ɓarawo ne. Wanda bai nema ba, ba zai ci ba. Kada a ba kowa lambar sirri ta katin banki. In ana shakka, a kai saƙon wa shugaban makaranta ya duba.

Haka kuma kada a kai yaro irin cibiyoyin nan da ake biyan kuɗi a rubuta wa yara amsa a allo. Ban da cewa rashin gaskiya ne, kuma doka ta hana, hasara ce. Hukumar jarrabawa tana iya riƙe sakamakon ko ta soke shi. In ma ya fito da A1 na saye, ranar da masu sukolashif suka zaunar da shi a gaban kwamfuta shi kaɗai, asiri zai tonu. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

TO, WA ZAI GAJI GONA?

Mun san wannan tambaya tana zuciyar da yawa daga cikinmu. Gaskiya ne wasu za su tafi ba za su dawo su zauna ba. Amma mu duba abin da ke hannunmu yau. Ingantaccen irin masara da dawa da gyaɗa da muke shukawa, da yawa daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka fito, wadda tarihinta ya faro tun 1922. Allurar rigakafin da ake yi wa shanunmu da kajinmu, da yawa daga cibiyar Vom ake kawo su, wadda aka kafa a 1924. Akwai jami'ar aikin gona a Makurdi tun 1988. Su wa ke aiki a waɗannan wurare? Yaran da suka ci lissafi da Kemistiri da Bayoloji ne. Kuma wanda ya tashi da fartanya a hannu, ya san ƙudujin da ke cin dawar mahaifinsa, shi ya fi sanin tambayar da ya kamata a bincika.

Dattijon nan da muka fara da labarinsa, ƙungiyarsu ta ba shi rance, ya sayar da sa ɗaya maimakon biyu, maƙwabcinsa kuma ya riƙa haɗa nasa da wanda ya rage suna huɗa tare. Yaron yana makaranta, kuma zai nemi sukolashif da zarar ya kai ajin da ake nema. Ƙanwarsa tana aji uku na ƙaramar sakandare. An riga an gyara takardunta, kuma ita ce ke yi wa mahaifinta lissafin taki bana.

Muna roƙon kowane sakatare ya sa wannan magana cikin ajandar taro mai zuwa, a fara da rubuta sunayen yaran. In mun zo ziyara za mu nemi ganin littafin. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma buɗe wa yaranmu basira.